Tsayuwar Alhaji a Tsakiyar Gada

Akwai wata gadar masu tafiya a ƙasa a unguwar Guangyuan ta birnin Guangzhou, kusa da tashar jirgin ƙasa, wadda na daina hawa. Gara in zagaya da buhun kaya a kafaɗa, gumi na zuba, da in taka matakalarta. Abokan kasuwa suna yi min dariya, wai Bakano ya fara tsufa. Ina ƙyale su kawai. A kan gadar nan na ga mutum yana mutuwa a hankali, wata da watanni, ban buɗe baki na ce masa komai ba.

Alhaji nake kiransa. Mutumin Zangon Kumasi ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, aikinsa tura dilolin tufafi gida. Shi ya karɓe ni lokacin da na sauka Guangzhou ban san gabas ba balle yamma. Shi ya koya min cewa in mai shago ya ce "meiyo", wai babu, kada in tafi, in tsaya in kira shi "laoban", wato maigida, in yi murmushi, kayan za su fito. Shi kuma ya ɗora min jarabar kallon tanis. Ni da ban san komai ba sai ƙwallon ƙafa! Da ƙuruciyarsa ya yi aikin ɗaura zaren raket, abin buga tanis, a wani kulob a garinsu, har ya iya bugawa, shi ya sa yake kallon wasan da wani irin ido.

Akwai wani ɗan wasa da ya daɗe a saman duniya, muna ce masa Mutuminmu. Ni dai na mutu a kansa. Duk ƙwallon da aka aiko masa sai ya mayar, ko daga wane lungu ta fito, har abokin karawarsa ya gaji ya zubar da ita a raga da kansa. A shekarar da nake magana yana ta cin wasa, ni kuwa ina ta cika baki. Ranar Juma'a in mun fito daga Masallacin Huaisheng mukan zauna gidan taliyar wasu Musulmin ƙasar, Alhaji ya jingina wayarsa da butar shayi, mu kalli wasan da ya wuce.

"Kai Bakano, kana kallon ƙwallo," in ji shi wata rana. "Bar ƙwallo, kalli ƙafa."

Ya mayar da hoton baya. Ya nuna min yadda Mutuminmu ke sauka daga tsalle bayan bugun farko, yana ɗora nauyinsa a hagu yana tausaya wa gwiwar dama. Ya nuna min ya fara rugowa gaban raga da wuri, abin da ba halinsa ba ne, don kawai a gama musayar da sauri. Sannan ya nuna min wanda ya fi ba ni haushi: duk bayan doguwar musaya sai ya durƙusa ya kwance igiyar takalminsa ya sake ɗaurawa.

"Igiyar nan ba ta kwance ba. Hutu yake sata," in ji shi.

"Haba Alhaji! Mutum ya ci wasa kana neman masa ciwo? Wannan ai baƙin ciki ne."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce in bai tsaya an duba gwiwar nan ba, shekara ɗaya ta rage masa, in kuwa ya tsaya zai ƙara uku ko huɗu. Sai ya ƙara wata magana da ban ba ta muhimmanci ba a lokacin. Ya ce, "Ba gwiwar ce matsalarsa ba. Ya yi girma ne. Duk waɗanda ke kewaye da shi sun gani, amma babu mai iya kallon idonsa ya ce masa zauna."

Kusan kullum sai mun haye gadar nan tare, daga wannan kasuwar tufafi zuwa waccan. Kuma kullum in mun kai tsakiyar matakala sai Alhaji ya dafa ƙarfen gefe ya juyo. "Af, Bakano, ka ga bugunsa na biyu jiya? Ya yi laushi." Ni kuma da zafin kaina sai in hau. In kare Mutuminmu, in kawo hujja, in ɗaga murya har masu wucewa su riƙa waiwayenmu. Shi ko yana tsaye yana gyaɗa kai, ba ya cewa uffan, sai na ƙare ya ce mu je.

Na fi wata biyu ina wannan haukan kafin in lura. Rannan ina tsakiyar surutu idona ya sauka a hannunsa. Ya damƙe ƙarfen har jijiyoyi sun fito, leɓensa ya yi fari, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar wanda ya yi gudu. Ba musu yake nema ba. Jefo min maganar yake don in yi ta zuba shi kuma ya samu numfashi. Wallahi a take na gane, don shi da kansa ya koya min irin wannan kallon.

To me na yi? Na ce, "Alhaji, lafiya dai?" Ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Na ce madalla. Shi ke nan fa. A yadda aka rene mu, babba in ya ce lafiya lau an rufe magana. Ba ka tsare shi da ido, ba ka nuna ka ga rauninsa, kara ce. Don haka na ci gaba da yi masa kara. Har na riƙa jan musun da gangan, ina ƙaro zancen da ban yarda da shi ba, don ya huta sosai ba tare da ya ji kunya ba. Ina jin daɗi a raina wai ina kyautata masa. Da ya fara sallar Juma'a a zaune na kawar da kai. Sau nawa na shirya maganar asibiti a bakina, in na kalli furfurarsa sai in haɗiye.

Wata Talata da hantsi ya faɗi a cikin kasuwa, gaban shagon wani mai wanduna. Ba na wurin. Kafin in isa asibiti Allah ya karɓi abinsa. Likita ya ce ta bakin tafinta zuciya ce, kuma ta daɗe tana ba da alama. Ya tambaya ko babu wanda ya lura. Na sunkuyar da kai. A nan muka yi masa sutura, ni na kira iyalinsa a Kumasi.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ba sai an tuna min ba, malamai sun faɗa min na kuma yarda. Amma ban yafe wa kaina shirun nan ba, kuma ba na jin zan yafe.

Mutuminmu kuwa, bayan 'yan watanni aka ce ya janye daga wasa, za a yi masa aiki a gwiwa. Ya daɗe ba a gan shi ba, sannan ya dawo. Gudunsa ya ragu, matasa suna wahalar da shi in wasa ya yi tsawo, amma yana nan yana bugawa, yana ma ci. Lissafin Alhaji bai kuskure ba ko kaɗan. Ranar da na ga dawowarsa ina gidan taliyar nan ni kaɗai, waya jingine da butar shayi. Ban ga ƙwallo ko ɗaya ba, ƙafarsa kawai nake kallo. Ya sauka a kan ta dama da dukan nauyinsa, bai taɓa igiyar takalmi ba har aka tashi. Ashe shi ya samu wanda ya kalli idonsa ya ce masa zauna. Na kife wayar, taliyar ta huce a gabana ban ci ba.