Jiƙon Kashin Giwa da Katin Asibitin Mama

Samaru

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na kulle ɗakina, katin asibitin Mama a cikin jaka. Ranar ce likita ya ce ta koma kan ciwon dajin da aka gano a nononta, ga shi sau biyu ke nan tana tsallake rana. Ƙanwata Saratu ta tsegunta mini a waya cewa wai Mama ta samo magani. Na ce yau ko a goye sai na kai ta.

In za a bi gaskiya, ni na jawo. Malamar kimiyyar halittu ce ni, bakina kuma ba ya hutawa. Da Kirsimeti na cika wa mutanen gidanmu kunne da labarin cewa da wuya giwa ke kamuwa da ciwon daji. Ashe Mama ta riƙe maganar.

Kwangila

Bas ba ta cika ba sai shida saura kwata. A Kwangila na sauka na tari Keke zuwa gidanmu a Sabon Gari.

"Anti, wannan sauri fa?"

"Giwa zan je kamawa."

"A Sabon Gari? Sai dai kashinta, wajen masu magani a kasuwa."

Bai san ya taɓo inda ke mini ciwo ba.

Unguwar Gabas

Shida da rabi na shiga gida. Mama ta gama addu'ar safe, tana zaune da kwano a gaba, ruwan ciki kamar na kwata. Busasshen kashin giwa ne wata ƙawarta ta zumuntar mata ta sayo mata take jiƙawa.

"Ke kika faɗa da bakinki, Rifkatu."

Na zauna a ƙasa, na danne fushina. Na ce mata jikinmu ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace da mai gadinta da aka gada daga iyaye. In ƙwaya ta lalace, shi ke gyara ta ko ya kashe ta kafin ta zama ƙari. Giwa ga girma ga tsawon rai, da ita ya kamata ciwon ya fi damu. Amma tun kakannin kakanninta, waɗanda aka haifa da ƙarin masu gadi su suka fi daɗewa suna haihuwa, har ya kai yau tana da wajen ninki ashirin na namu.

"Gado ne, Mama. Ba a jiƙa shi, ba a shan shi."

"To ni nawa gare ni?"

"Biyu. Ɗaya daga babanki, ɗaya daga innarki."

"Sun yi barci ke nan."

"Shi ya sa za mu nemo likita."

Ba ta ce e ba, amma ta bar Saratu ta ɗauko mata mayafi.

Asibiti

Takwas saura muka isa. Muka karya da koko da ƙosai a bakin ƙofa, ita ko rabi ba ta ci ba. Sha ɗaya da minti arba'in aka kira sunanta. Ta miƙe, ta yi taku uku, ta ja ta tsaya.

"Yanke mini nonon za su yi. Na sani tun farko. Da shi fa na shayar da ku shida."

A nan na gane ba giwar ta yarda da ita ba, wuƙar take tsoro. Ni ma tsoron nake ji. Na kama hannunta.

"Mun riga mun sha, Mama, mun ƙoshi. Yanzu ke muke so."

Ta karɓi katin ta yi gaba, ina biye da ita.

Komawa

Uku da rabi muka sauka Samaru tare, don na rantse ba za ta kwana nesa da idona ba sai an yi mata aikin da likita ya ce. An sa mana Talata mai zuwa. Na gode wa Saratu da ba ta iya riƙe sirri, na gode wa Ubangiji da ya kai mu ya dawo da mu. Mama tana cire takalmi ta ce, "Ranar Talata ki tashe ni da wuri, kada mu makara."