Akuya Mai Kunne Ɗaya: Ta'aziyyar Taubashina Idrisu

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, ko mun gama aikin hannunmu ko ba mu gama ba. Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab 1446, daidai da sha huɗu ga Janairu 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Idrisu mai gyaran jikin mota a nan Riyad, bayan kwana shida yana fama da ciwon ƙirji. An yi masa sallah bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa. Shekarunsa sittin da huɗu, talatin da ɗaya daga ciki a ƙasar nan ya yi su, guduma a hannu.

Wanda ya ga ina tsokanar mamaci a takardar ta'aziyya, ya yi haƙuri. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka taubashina ne. Tun muna yara a Gwammaja ban taɓa yi masa magana a miƙe ba, yau ma ban iya ba.

Idrisu, ka tuna zuwana garin nan, shekara tara ke nan, da ɗana Kamil ya ɗauko ni rainon jikoki a unguwar Shifa. Gida shiru, tagogi a rufe, jikokin ma Larabci suke yi mini ina kallon bakinsu. Sai ga ka wata Juma'a da tsohon keken ɗinki a bayan mota, ka tsince shi a kasuwar gwanjo ka gyara da kanka. Ka ce, "Sabuwa, ga wannan, ko bakinki ya huta hannunki ya yi aiki." Bakin bai huta ba, amma daga ranar na daina kukan gida. Ba ni kaɗai ka yi wa irin wannan ba. Ranar zaman makoki, maza sun ce direbobin gidaje sun cika tabarma, kowa da labarinsa: wannan ya goga mota a jikin gini, wancan ya lotsa ƙofa, kai kuma ka daddale ka shafe kafin kafil, wato maigidansu, ya gani, ka sallame su da faɗa da shayi.

To sai maganar akuyarka. Bari in yi wa waɗanda ba su sani ba bayani. Maigidansa, dattijo Abu Rayyan, mai tara tsofaffin motocin Amurka ne, masu tsawo kamar layin awo, masu fukafukai a baya. A cikinsu akwai wata da aka jawo daga wata gona, tsatsa ta cinye rabinta. Idrisu ya ce irinta guda ɗaya tak aka ƙera, tun kafin a ba Najeriya mulkin kai, don a nuna wa jama'a yadda motar gobe za ta kasance. Ya ce a lokacin turawan sun haukace da jirgin sama, kowace mota sai an yi mata hanci da jela. Wai da yumɓu suke fara gina ta, su yi ta shafawa har ta yi musu, sannan a buga ƙarfe, in an gama nuni kuma yawanci a farfasa. Na ce ashe maginan tukunya ne suka sa kwat. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Wannan motar fiffikenta ya ɓace, babu zanen kamfani, sai tsohon hoto guda mara launi. Da yake ni tela ce, ka ce in yanka maka samfuri a takardar buhun siminti, wanda za ka ɗora a kan ƙarfe. Na yi abin da kowane tela ke yi tun da aka fara ɗinki: na ninka takarda biyu, na sa almakashi, na buɗe, ga fukafukai biyu, dama da hagu, kamar hannayen riga. Ina ta washe baki. Ka duba, ka duba, ka ce, "Sabuwa, ba taguwa na ce ki yanka ba." Ka sa mini hoton a hanci. Ashe fiffike ɗaya gare ta, shi ma ba a tsakiya ba, a bayan kan direba yake, ɗaya gefen sumul. Ka ce wanda ya zana ta da gangan ya yi, mutum ɗaya ke tuƙi, saboda haka shi ya yi wa kwalliya. Na ce wannan ai akuya ce mai kunne ɗaya, kuma na rantse ba zan taɓa shiga ba, kada a ganni a ce na zautu. Ka ce ni ce ma fasinjar farko.

Sau goma sha ɗaya na yanka maka takardar nan. Ka kai warsha, wato garejinku, ka gwada, ka dawo ka ce a rage yatsa ɗaya nan, a ƙara lanƙwasa can. Na sha ɗayan ne ka karɓa, ka ce, "Wannan ce. Ajiye mini a akwatinki, warsha akwai mai." Sati biyu bayan nan ka kwanta.

Bayan addu'ar bakwai, Bachir, mutumin Maraɗi da kuka shekara goma kuna buga ƙarfe tare, ya kira ni. Ya ce dattijo jiki ya yi rauni, ɗansa Rayyan ne ke kula da motocin yanzu, yana so a gama wannan kafin taron tsofaffin motoci da za su kai ta a wajen Dir'iyya. Kuma ya ba da umarni a yi mata fukafukai biyu, wai ɗaya kamar an yi hatsari ne. Bachir ya ce, "Gwaggo, ni ma'aikaci ne, iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a hannunsu take, bakina ba zai kai ba."

Idrisu, shekara huɗu ka yi a kan motar nan. Na ga tafin hannunka. Na ce wallahi ba za a mai da ita taguwa ina numfashi ba.

Washegari na zura abaya, na naɗe takardar, na sa 'yarka Sumayya ta tuƙa ni har warsha, ita ce tafinta. Rayyan yaro ne mai ladabi, ya miƙe ya ce, "Ahlan ya hajja," ya sa a kawo gahawa. Na ce gahawa ta jira. Na ɗauki wata takarda a gabansa na ninka, na yanka, na buɗe. Na ce, "Sumayya, gaya masa wannan kuskuren ni na riga shi yi, kuma ni ajina huɗu a firamare, shi wane uzuri gare shi?"

Ta ce, "Gwaggo, ba zan faɗi haka ba."

Na ce, "Faɗi, ko in faɗa da Larabcina, ya fi muni."

Ta faɗa. Ya yi dariya, sannan na shimfiɗa taka takardar a bayan motar, na ajiye hoton a kai. Ta zauna daram, har alamun fensirinka suka haɗu da na jikin ƙarfen. Dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana shafa wurin, ya ce motoci masu fiffike biyu babansa yana da goma. Ya juya ga Bachir ya ce, "Khalas, shi ke nan. Ɗaya."

Ban yarda da baki kawai ba. Duk Asabar ina warsha a kan kujerar roba, tef ɗin awo a wuya, Bachir na bugu ina aunawa. Ya ce na fi ka fitina. Ba zan fasa zuwa ba sai kunnen nan ya tsaya inda ka ce.

Allah ya jiƙanka, Idrisu, ya yafe maka kurakuranka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa bayinsa, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Bilƙisu da ke takaba, da Nu'uman da Sumayya, da dangi na Kano, da abokan aikinka. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Rantsuwar nan da na yi ta ƙin shiga motar kuwa, na tambayi malam, na ciyar da mutum goma kaffara. Ranar da akuyarka za ta fita, ni ce a gaba. Ka ci wannan karon, taubashi.

Sabuwa, Shifa, Riyad