Bindigar da Inna Ta Goge da Yashi

Duk layin maƙera ba wanda ya san sunansa na yanka. Tsatsa ake ce masa, kuma wallahi sunan ya zauna daram, don ko sabulun duniya zai ƙarar, ƙarƙashin faratansa ja ne. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne tsakanin mai walda da mai facin taya: tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasa wuya, gwangwanayen kusoshi, sai lasisinsa a bango cikin gilashi.

Gyaran bindigar farauta ne sana'arsa, amma abin da ya yi suna a kai shi ne faɗin shekarun tsohuwar bindiga, musamman irin wadda ake jan katakon ƙasan hancinta baya a tura gaba, ta tofar da kwanso ta ɗauki sabon harsashi. Da ka miƙa masa, ba ya ma duban fuskarka. Sai ya tabbatar ba komai a ciki, ya ja katakon ƙwas-ƙwas kusa da kunnensa, ya shafa, wani lokaci har ya shinshina.

"Ka ga wannan ɗan kunnen a baya, da ake ja da babban yatsa? Ta da can ce. Ka ga katakon nan mai zobe-zobe kamar totuwar masara? Shi ma na da ne. Amma marfin gindin nan roba ne, wani ya sauya shi daga baya, ya cuce ta."

Abin da ke ba shi dariya kullum shi ne masu zuwa da ƙirji a buɗe, sun karanta wata shekara a jikin hancin bindiga, suna cewa tasu ta haura ɗari. Sai ya sauke tabarau ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan shekarar da aka yi wa ƙirar rajista ce. An yi ta ƙera irinta har jikokin mai ƙirar suka yi furfura." Wasu su yi dariya, wasu su fita ko sallama babu. Shi ko a jikinsa. Matarsa takan ce da zai saurari mutane yadda yake sauraron ƙarfe, da tuni an ba shi alƙalanci.

To, wannan mutum da ya faɗi shekarun bindigogin rabin gari, akwai guda ɗaya da ta gagare shi, kuma a gidansu take.

Tsatsa bai san ubansa ba. Yana ciki uban ya rasu, ba hoto, ba riga, ba ko hula. Abu ɗaya tak aka nuna masa tun yana ƙarami: bindiga a ɗakin Inna, mahaifiyarsa, naɗe cikin tsohon zani. Ta babanka ce, haka ya tashi yana ji. A kanta ya fara sanin yadda kusa ke kwancewa, saboda ita ya shiga wannan sana'a. Akwai wani wuri a wuyan ƙotar da ya yi santsi ya yi duhu. Ko da ya zama magidanci, in ya shiga gaida Inna sai ya ɗora tafinsa a nan, yana ce wa ransa nan hannun mutumin ya zauna.

Matsalar ita ce Inna mace ce mai tsafta, tsafta irin ta fitina. A wajenta ƙarfe ƙarfe ne, bindiga da tukunya duk ɗaya. Shekara da shekaru tana fito da ita tana dirza da toka da yashi, har ta yi fari fat tana ƙyalli. Baƙin fentin ya tafi, sunan kamfanin ya tafi, lambar da ake gane shekara da ita ma ta bi ruwa. Ranar da Tsatsa ya yi wayon gane ɓarnar, sai da ya dafe kai.

"Haba Inna! Wa ya ce miki ana wanke bindiga?"

"To in bar ta ta yi tsatsa kamar kai?"

Ga shi kuma irin ƙirar nan ce da aka daɗe ana yi ba a sauya mata kama ba. Daga waje ba ka rabe ta kaka da ta jika. Ya kwance ta ba adadi. A ƙasan hancin, inda katako ya rufe yashin Inna bai kai ba, akwai wasu haruffa biyu ƙanana da aka buga. Ya san alamar lokacin ƙira ce, don ya ga irinsu a wasu bindigogin, sai dai kowane kamfani da nasa tsarin, kuma bai taɓa samun wanda zai fassara masa na wannan ba. Abin ya zauna masa a rai yana ƙaiƙayi.

Wata rana da hantsi sai ga wani tsohon maharbi ya shigo da sanda, ɗauke da bindiga cikin buhu, wai katakon ya daina ja. Tsatsa na zare ta gabansa ya faɗi. Irinta ce sak, sai dai wannan baƙa ce, ba ta haɗu da Inna ba. Nan take ya cire katakon. Ya ja fitila, ya kara gilashin ƙara girma. Haruffa biyu, kuma su ne dai, ba bambancin ko ɗigo.

"Baba, a hannun wa ka sayi wannan?"

"A hannun wa? Sabuwa dal na saye ta, yaro, a kanti, da man kamfani a jikinta. Guda uku aka kawo, ina tsaye aka fasa akwatin."

"Ka tuna shekarar?"

"Ina zan manta? Shekarar da aka buɗe babbar gada. A kanta na bi da ita gida, mutane na ta kallona."

Tsatsa ya ajiye gilashin a hankali. Shi ma ai ya tuna buɗe gadar. Yana cikin 'yan makarantar da aka jera a bakin hanya suna ɗaga tuta, da gajeren wando, haƙoransa na gaba sun zube.

Ya so ya sama wa kansa mafita, don mutum ne mai son ya bi abu har ƙarshe. Ko akwatin ya daɗe a ajiye kafin a fasa? Ya tambaya. Tsohon ya ce shi da kansa ya sa mai kantin ya yi odar, ya jira aka ƙero. Ko an sauya wa ta gida hanci? A'a, shi ya fi kowa sanin ba a taɓa ba. Ya gyara wa tsohon bindigarsa, wata 'yar kusa ce ta karye, ya raka shi bakin ƙofa. Sannan ya ja ƙyauren shago da rana tsaka, har mai walda ya ɗaga murfin fuska yana tambaya ko lafiya.

Ya sami Inna a tsakar gida tana tsintar shinkafa a tire. Ya gaishe ta, ya shiga ɗaki ya ɗauko bindigar, ya zauna a ƙasa gabanta. Ba fushi yake ba. Tsoro yake ji, kuma duk da tsoron yana son ya sani.

"Inna, an ƙera bindigar nan na riga na shiga makaranta."

Ba ta ɗaga kai ba. Ta fitar da tsakuwa ɗaya ta yar.

"Ƙarfen ne ya gaya maka?"

"Shi ne."

"To bai yi ƙarya ba. Ta kawunka ce, yayana. Ya ba ni ajiya zai yi tafiya, bai dawo ba sai labarinsa. Kai kuma ka dawo daga makaranta ka jawo ta daga ƙarƙashin gado, ka ɗago kai ka ce, Inna, ta Babana ce? Da ka ga idonka a ranar, kai ma i za ka ce."

"Shi bai taɓa yin farauta ba?"

Sai ta yi dariya, har tiren na girgiza. "Wa? Babanka? Mutumin da in za a yanka kaza sai ya tuna yana da saƙo a bakin titi? Ko tsawa aka yi sai ya toshe kunne."

Tsatsa ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. Ya dubi wurin nan mai santsi a wuyan ƙotar. Ashe yawancin santsin ma nasa hannun ne ya yi shi. Mutum mai furfura, mai jikoki, sai ga shi yana tambaya kamar yaro.

"To Inna, ba abin da ya rage ke nan? Ko abu ɗaya da ya taɓa da hannunsa?"

"Kayansa 'yan'uwansa suka raba, ban tanka ba."

Ta ci gaba da tsinta. Ya ɗauka maganar ta ƙare, har ya fara naɗe bindigar a zaninta. Sai ta kawar da fuska wajen bango, don irin maganar da ba ta taɓa yi da ɗanta ba ce, ta yi ƙasa da murya.

"Kana wata bakwai a ciki ya kwanta ciwo. Kullum sai ya ce in matso. Ya ɗora hannu nan, ya yi ta jira har ka motsa. In ka yi shuri ya ce, kin ji shi, kin ji shi? Ranar da zai cika ma hannunsa na kanka, sai da aka ɗauke shi."

Tsatsa ya jingina bindigar da bango. Ya matsa kusa da ita, ya jawo tiren tsakaninsu, ya sa jajayen yatsunsa cikin shinkafar yana neman tsakuwa, ba ya ko gani sosai.

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Ba ka taɓa tambayata shi ba," in ji Inna. "Kullum bindigar kake tambaya."