Malam Birki Ya Koma Ɗan Koyo

Shekara ashirin da biyu yana koya wa mutane tuƙi, kuma kalma ɗaya ce ba ta barin bakinsa, shi ya sa unguwa ta laƙaba masa Malam Birki. Ko shayi matarsa ke zuba masa, in kofi ya kusa cika sai ya ce, "Birki!"

Ran nan wata tifa ta kwashi motarsa a shataletale. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane bai yi ba, motar ma kwana huɗu ta yi wurin bakanike. Zuciyar Malam ce ta ƙi gyaruwa. Da ya taɓa sitiyari sai tsoro ya kama shi, gumi ya jiƙa riga. Wata uku mota na ajiye a ƙofar gida, ɗalibai suka watse. Kunya ta ishe shi, ya fara ganin sana'a ta ƙare.

Matarsa ce ta gaji. "Malam, tsohuwar nan mai rufe ido in ta hango babbar mota, yaya ka yi ta iya tuƙi?"

"A hankali na bi ta."

"To, ka bi kanka a hankali mana."

Washegari ya liƙa alamar ɗan koyo gaba da baya. Makon farko zama kawai yake yi a kujera, yana jan numfashi, makulli na aljihu. Mako na biyu ya tayar da inji. Daga nan sai ƙarshen layi, yana lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai, yana faɗi da ƙarfi, "Madalla, ɗalibi. Ba mai korarka." Maƙwabta suka sha dariya. Akwai ranar da abin ya taso masa, ya bar motar a bakin kanti ya dawo da ƙafa. Bai zagi kansa ba, don shi bai taɓa zagin ɗalibi ba.

Ranar komawa shataletale, matarsa ta zauna a kujerar malami, ƙafarta na kan birki na biyu da ke gefenta. Suna shiga sai ga tifa tana huci.

"Birki!" ta ƙwala ihu.

"Ɗauke ƙafarki, uwargida," in ji shi. "Hannunmu ne, tifar ce za ta tsaya."

Sau uku ya zagaya kafin ya yarda ya fita.