Inbatar Mahadi ta Biyu

Mahadi ɗan ƙanena ne. A Funtua ya koyi haɗa sola, ya dawo Gozaki yana yi wa mutane aiki. Ba shi da yawan magana, kuma ban taɓa jin ya musa wa babba ba.

Uwarsa Tani na da ciwon suga. Allurar da take yi kullum ba ta jure zafi, sai a firji, in kuwa ta lalace sai an je Funtua, can ma ba koyaushe ake samu ba. Saboda haka ya kafa inbata biyu a kan batiransa, wato na'urar da ke mai da wutar batir ta zama irin ta gida, ya haɗa su yadda in ɗaya ta mutu ɗayar za ta ɗauki firjin nan take.

Amma a garinmu duk abin da aka gani biyu, ɗayan na aro ne. Gab da azumi matarsa Raudatu ta dawo daga gidansu da saƙo.

"Baba ya ce tunda ɗaya zaune take, a ara wa masallaci don lasifikar tafsiri."

Ina tsakar gidan. Na ce, "Mahadi, waccan ba zaune take ba, gadin ran uwarka take."

"Gwaggo, da wane bakin zan ce wa suruki a'a?"

"Da wanda kake cin tuwo."

Ya sunkuyar da kai. Da yamma ya kwance ta, shi da kansa ya kai wa surukin nasa Alhaji Bature a kan babur.

Azumin ya faɗo cikin bazara. Fankar inbatar da ta rage ta fara kuka kamar tsohuwar ƙofa, ɗakin na ƙaurin waya. Mahadi ya kashe duk ƙwayayen lantarkin gidan, ya hana cajin waya, ya bar firjin kaɗai. Tani kuwa takan taɓa kwalbar maganin da bayan hannu.

Ranar Talata da azahar fankar ta yi shiru, jan ƙwan inbatar ya kama, firjin ya tsaya. Na tasa Mahadi gaba har zauren surukinsa. Ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa.

Alhaji Bature ya ce, "A'a, Malam Mahadi, cikin ranar nan? Lafiya dai?"

Na zuba masa ido. Gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Lafiya lau, Baba," in ji shi. "Gaisuwa ce kawai."