Tsoho da Kwalin Kaset

Na kawo wa yayana abinci jami'a, sai ga wani tsohon malami tsaye a baranda, tabaraunsa ɗaure da zare, rungume da kwalin kaset-kaset. An fitar da shi daga ofishinsa, wai za a gyara wa baƙi daga jami'o'in ƙasashen waje.

Mai fenti yana ta mita: "Baba, matsa mana, ka tare hanya!"

Yayyafi ya fara. Tsohon yana tuɓe rigarsa, yana lulluɓe kwalin. Ina jin muryoyin tsofaffi ne a ciki, irin ta kakata da ba wanda ya ɗauka har ta rasu.

Haba! Baƙin nan bango suka zo gani?