Hannun Ashiru da Idon Fiddausi

A wani lungu na Gyaɗi-Gyaɗi, tsakanin mai facin taya da wata mai sayar da zare, akwai ɗan shagon da mata suka fi maza sani. Na Ashiru ne. Sarƙar da ta dafe, awarwaron da ya dusashe, ɗan kunnen da ke sa ƙaiƙayi, duk nan ake kawo su. Yakan yi musu abin da mutanen unguwa ke kira rufin tangaran, wani siririn rufi mai launi da sheƙi wanda ke kare ƙarfe daga gumi da ruwa, ya kuma raba shi da fatar mutum.

Ashiru mutumin Sumaila ne. Da tuƙin Adaidaita Sahu ya fara neman abinci a Kano, har ciwon baya ya matsa masa, likita ya ce ya haƙura da titi. Sai ya koma zama wurin Malam Garba, wani dattijo maƙerin azurfa a Tarauni, yana goge masa zobba. A can ya koyi riƙe ƙaramin abu ba tare da hannu ya yi rawa ba.

Matarsa Fiddausi ce silar sabuwar sana'ar. Ba ta iya sa ɗan kunnen kasuwa. Wuni guda kunnenta zai kumbura ya yi ruwa. Ko biki za ta, haka take zuwa kunne babu komai. Abin yana damun Ashiru. Wata rana ya ga bidiyo a waya na yadda ake wannan rufi, ya yi ta maimaita kallo, har ya sa wani ɗan kasuwa ya taho masa da ƙaramar na'urar aikin da ruwan launukan daga Legas. Ya lalata cokula da tsofaffin makullai da yawa kafin ya gane kanta. Sai an wanke ƙarfe tas, ko maiƙon yatsa bai rage ba, a rataye shi a waya, a tsoma a ruwan launi, a sakar masa 'yar wutar lantarki, a ɗauraye, sannan a gasa a ƙaramin tanderu. 'Yan kunnen farko da suka yi kyau Fiddausi ya ba. Ta sa su har Sallah ta wuce, kunne lafiya lau. Maƙwabta suka gani, aiki ya fara shigowa.

Babban aikinsa na farko Madam Esther ce ta kawo, malamar firamare 'yar Kagoro da ke zaune a Darmanawa. Matan zumunta na cocinsu za su yi taro, sun ɗinka anko, suna son 'yan kunnensu duka su koma ja don su dace da zanin. Ashiru ya karɓa da murna. Ruwan launukan ya riga ya juye su a kwalaben gilashi masu faɗin baki, bai rubuta komai a jiki ba. Ya ɗauki kwalbar da ya tabbata ja ce, ya yi aikin da natsuwa, ya gasa, ya jera a faranti.

Da Madam Esther ta zo karɓa, ta tsaya tana kallon farantin.

"Malam Ashiru, ai ja na ce."

"Ja ne mana, Madam. Ga shi kuwa."

"Wannan kore ne shar."

Ya ɗauka wasa take. Ya kira mai zare ta maƙwabta, ita ma ta ce kore ne. Madam Esther, wadda ta taɓa ganin irin haka ga wani ɗalibinta, ta karɓi zare ja da kore ta ɗora masa a tafin hannu ta ce ya nuna mata jan. Ya juya su, ya kai su hasken rana, ya rasa. Sai a lokacin ya tuna cewa duk shekarun da ya yi yana tuƙi, a danja ba launi yake bi ba, duba yake ta sama ce ta kama ko ta ƙasa, kuma ya zaci kowa haka yake yi.

Ya koma gida Daurawa bai iya cin abinci ba.

"Maman Ummi, sana'ar launi na kama, ashe launin ma ba na gani. Gobe zan nemi mai sayen na'urar."

Fiddausi ta ajiye ludayin hannunta. "Baban Ummi, wankin ka kasa ko gashin?"

"Ko ɗaya."

"To hannunka lafiya yake. Ido kuwa ga nawa."

Washegari ta sa hijabi ta bi shi shago. Rufin da aka gasa ba ya fita da sauƙi, amma Ashiru ya zauna ya cire shi daga kowane ɗan kunne, ɗaya bayan ɗaya, har yatsunsa suka yi kanta. Fiddausi ta zaɓo jan, ta gwada da ƙyallen ankon, ya sake aikin daga farko. Kafin ranar taro ya kai wa Madam Esther kayanta har gida. Bayan taron, mata biyu daga cikinsu suka dawo da wasu 'yan kunnen, suka ce koren nan da aka ba su labari suke so.

Tun daga nan bai ɓoye wa kowa ba. Duk wadda ta shigo ta fara zancen launi, zai nuna mata bencin da Fiddausi ke zaune a kai ya ce, "Hajiya, ga mai launin nan, ni nawa ƙarfe ne." Fiddausi ta wuce zaɓe kawai, ta koyi haɗa ruwan da kanta. Ta fitar da wani launi tsakanin ruwan zuma da jan garura, wanda amare daga Hotoro har Sharaɗa ke zuwa nema.

Ranar da ta fara haɗa shi, Ashiru ya ciro awarwaron farko da aka rufe da shi daga tanderu, ya bari ya huce, ya bi shi da babban yatsa zagaye guda yana neman ƙurji ko kumfa. Bai samu ba. Ya miƙa mata.

"Ya yi kyau?"

"Sosai ma."

"To madalla," in ji shi, ya ɗauki na gaba ya fara wankewa.